Makullin da Auta Ta Riƙe

"Ba ni makullin nan!"

"Ba zan bayar ba."

"Sista, a matsayin likitan da ke da wannan aiki nake yi miki magana. Ba ni makulli!"

"Ni ma a matsayin mai kula da na'ura nake ba ka amsa, Likita. Ba zan bayar ba."

Ɗakin tiyata ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Likitan sa barci ya ajiye sirinjin da ke hannunsa a hankali, nas ɗin da ke jera almakasai ta sunkuyar da kai kamar an ce ta sake ƙirga su daga farko. Babu wanda bai san saura wata biyu auren likitan da sistar da ke wannan faɗa ba. Kullum sai dai a kama su suna satar kallon juna ta saman takunkumi, yau kuwa ga su ido cikin ido kamar za su cinye juna ɗanye.

Ita Auta ce, haka ake kiranta a gida, haka sunan ya biyo ta asibiti. Gajeriya ce, ba ta da hayaniya, amma in ta kafe a kan abu gara ka je ka ture bango. Shi kuwa Dogo likitan mata ne, wanda hannunsa ya yi suna tun shekarunsa ba su kai ko'ina ba. Shekara uku suna tare, kuma Allah ya sani Auta tana yi masa son da ita kanta yake ba ta tsoro.

Abin da ya haɗa su faɗa yana tsaye a gefen gadon tiyata: na'urar leza mai yanka da haske, mai girman ƙaramin firji, da dogon hannu mai gaɓoɓi bakwai, kowace gaɓa da madubi a cikinta. Hasken da ke yankan, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa aka haɗa shi da wani jan ɗigo, inda ɗigon ya sauka nan wutar za ta ci. Likita ɗigon yake bi, ba shi da wani ja-gora bayan shi.

Saboda haka kafin a shigo da mara lafiya sai an gwada. A jiƙa ɗan katakon nan da ake danne harshe da shi, a yi masa alama da biro, a ɗora jan ɗigo a kan alamar, a taka feda. In ƙunar ta fito a kan alama, lafiya lau. Wannan gwaji aikin Auta ne, makullin na'urar a wuyanta yake rataye, kuma sai ta sa hannu a takarda ake kunnawa.

Yau sau uku tana gwadawa, sau uku ƙunar tana fitowa a gefen alama, tazarar da ba ta wuce faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Wadda za a yi wa aikin kuwa yayar Auta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da akwai wata nas ɗin da ta iya na'urar da ba a bar Auta ta shiga ɗakin ba, amma ɗayar tana hutun haihuwa.

Shekara goma sha ɗaya Yaya tana gidan miji ba haihuwa. Irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne ya tsiro mata a waje, ya manne mata kayan ciki, duk wata sai ya kwantar da ita tana murƙususu. Sau ɗaya ta taɓa samun ciki, ya zauna a bututun ƙwai na hagu, aka cire cikin da bututun gaba ɗaya. Saura na dama, shi kaɗai, shi ma naman ya naɗe shi. Almakashi ya yi masa kauri, wutar lantarki zafinta yaɗuwa yake yi. Leza ce za ta share naman siriri-siriri ta bar bututun da ransa. Wata takwas Yaya tana jiran wannan rana.

"Yanzu a gabanki na gwada," in ji Dogo, yana ɗaga nasa katakon. "Kowa ya gani. Ga ƙuna a tsakiyar alama!"

"Da hannun na'urar a miƙe ka gwada. A miƙe za ka yi aikin? Lanƙwasa shi yadda zai tsaya a kan cikin Yaya, ka sake takawa."

"Hannunki ne ya yi rawa. 'Yar'uwarki ce, na fahimta..."

"Hannuna bai yi rawa ba. Ga katako uku, duba!"

Ta miƙa masa. Ya kalle su, kallo ɗaya, ya ɗauke kai.

A daidai lokacin ƙofa ta buɗe, Farfesa ya shigo. Malamin Dogo ne, daga wani gari mai nisa ya taso musamman don ya tsaya a kansa ya ga wannan aikin. In ya gamsu, ya sa masa hannu, daga yau Dogo ya zama mai cin gashin kansa a aikin leza. Jirginsa da yamma yake, kuma ba a san ranar da zai sake samun sarari ba.

"Lafiya? Ina mara lafiyar?"

"Ƙaramar matsala ce, ranka ya daɗe," Dogo ya amsa da sauri. "An warware."

"Ba a warware ba, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Wutar ba ta bin ɗigo in an lanƙwasa hannun. A sake gwadawa a gabanka, minti biyu ne."

Farfesa ya dubi ɗalibinsa ta saman tabarau. "Ka gwada?"

"Na gwada da hannuna. Daidai take."

"To, Sista, likita ya gwada."

Auta ta juya ga na'urar, ta murɗa makullin da ta dafe a jikin na'urar tun ɗazu, fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ta zare shi ta jefa a aljihu.

"Auta!" Dogo ya matso, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Tawa, don girman Allah kada ki yi mini haka a gaban malamina. Shekara huɗu nake jiran yau."

"Yaya ma shekara goma sha ɗaya take jira. Lanƙwasa ka gwada, in ta fito daidai in durƙusa a gaban kowa in ba ka haƙuri."

"Ba za a mayar da ni yaro ba! Wallahi in kika fita da makullin nan, babu ni babu ke!"

Wannan kam da ƙarfi ya faɗe ta, har nas mai almakasai ta saki ɗaya a ƙasa.

Auta ta ɗaga kai ta dube shi, don sai ta ɗaga kai take ganin idonsa. Muryarta ko gezau.

"To, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta bi ta gefensa ta fita.

Abin da ya fi wuya yana jiranta a waje. Yaya tana kwance a kan gadon turawa cikin shuɗiyar riga, an sa mata ƙarin ruwa, leɓɓanta sun bushe don tun jiya ba ta sa komai a baki ba. Umma, mahaifiyarsu, tana zaune a gefe riƙe da hannunta. Da Yaya ta hango ƙanwarta sai ta yi murmushi.

"An zo ɗaukata?"

"Yaya... ba za a yi yau ba."

"Me kika ce?"

"Na'urar tana da matsala. Na hana."

"Kin hana?" Yaya ta yunƙura ta tashi zaune, robar ƙarin ruwan tana lilo. "Likita ne ya ce tana da matsala?"

"Shi ya ce lafiyarta lau. Ni na ce a'a."

"Ke? Ke kin fi shi sani? Kin fi Farfesa?"

"A kan na'urar nan, yau, na fi su."

Umma ta saki salati ta miƙe. "Ke Auta, kina da hankali kuwa? Mutumin da za ki aura kike ja da shi a gaban mutane? Maza koma ki ba shi abin nan!"

"Umma, ki yafe mini. Ba zan koma ba."

"Ni nake yi miki magana!"

"Na sani, Umma. Ko za ki mare ni, ga fuskata. Makulli dai ba zan bayar ba."

Yaya ta fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe yana taruwa. "Cikina ne! Ni na sa hannu, ni na ce na ji na gani! Wa ya sa ki? Shekarata talatin da tara, Auta, kin san abin da wata ɗaya yake nufi a wurina? Ni na goya ki, ni na yi miki tsarki, yau ke za ki tsaya tsakanina da haihuwa?"

"Bututu ɗaya ya rage miki, Yaya. In wutar ta kauce..."

"In ta kauce! In ba ta kauce ba fa? Fita ki ba ni wuri, ba na son ganinki!"

Auta ta tsaya kamar an dasa ta. Ta so ta rungume ta, ta so ta faɗi ƙasa ta yi birgima kamar yadda take yi tana ƙarama in Yaya ta yi fushi da ita. Maimakon haka sai ta sa hannu a aljihu ta damƙe makullin har ya yi mata shaida a tafi.

Kafin azahar Farfesa ya ɗauki jakarsa ya tafi ba tare da ya sa wa kowa hannu ba. Kafin la'asar Metron, shugabar nas-nas, ta kira Auta ofis ta miƙa mata takardar dakatarwa har sai an yi bincike.

"Kin san abin da kika jawo mana? Baƙo guda, ɗaki guda, rana guda, duk kin zubar!"

"Na sani, Ma."

"Kawo makullin."

"Zan ba ki, amma sai kin rubuta a gabana cewa ba wanda zai kunna ta sai injiniya ya duba."

Metron ta zare tabarau ta ƙare mata kallo. "Ke dai anya ba da taurin kai aka yi miki wankan farko ba?" Amma ta jawo takarda ta rubuta, ta liƙa a jikin na'urar da hannunta.

Kwana tara injiniyan kamfani bai zo ba, kuma kwana taran nan Auta ta san ta yi su.

Gidan ya zame mata kamar gidan haya. Umma tana amsa gaisuwarta da ka. Yaya ta daina ɗaga wayarta, a rana ta huɗu kuma aka ce ciwon watan ya taso mata, har sai da mijinta ya ɗauke ta a hannu zuwa mota. Auta ta je da sauri, aka ce mata barci take yi, alhali tana jin muryarta daga ɗaki.

Dogo kuwa ko layi ɗaya. Mutumin da kan kira ta sau biyar kafin rana ta take, don kawai ya tambaye ta ko ta ci abinci! Ta kan ɗauki wayar ta buɗe sunansa ta zuba masa ido. Ta tuna ranar da suka fara magana: ya shigo ɗakin leza ba tabaran kariya, ita kuwa sabuwar nas, ta kore shi waje kamar ta kori kaza. Daga baya ya ce mata tun a bakin ƙofar nan ya san ya ga matar aure. Ashe abin yana da daɗi ne in ba a gaban malaminsa aka yi ba.

Tana kewarsa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana kewar yadda yake rage tsawonsa in zai yi mata magana, da yadda yake ce mata "'yar rigimata." Wani lokacin kuma shakka ta kan shigo ta zauna mata a ƙirji. In fa hannunta ne ya yi rawa? In fa ta rusa aurenta da zumuncinta a kan ƙwayar shinkafa? Sai ta ɗauko katakan nan uku daga jaka ta jera su a kan gado. Ƙunar tana nan inda ta bar ta, a gefen alama.

A rana ta shida Umma ta shigo ɗakinta ta zauna a bakin gado.

"Auta, tashi ki sa mayafi, ni zan raka ki. Ki ba shi haƙuri, magana ta wuce. Namiji ne, kin kunyata shi."

"Zan ba shi haƙuri a kan muryar da na ɗaga, Umma. A kan makulli kuwa, ko gobe aka maimaita haka zan yi."

"To, ki zauna! Ki auri na'urar!"

"In ita za ta bar mini Yaya da bututunta, na aure ta."

Umma ta tashi ta fita tana cewa wannan hali dai ba a wurinta aka gado shi ba.

A rana ta goma da hantsi wayar Metron ta shigo.

"Ke mai taurin kai, kina ina? Injiniya ya buɗe hannun na'urar. Madubin gaɓa ta huɗu ya goce, wai masu turo na'urar ne suka buga ta a ƙofar lifta, abin hawa bene. A miƙe daidai take, da an lanƙwasa sai ta kauce. Ya ce a cikin ciki, da nisan ya ƙaru, kaucewar ta fi wadda kika gani. Ki dawo aiki ranar Litinin."

Auta ta ajiye wayar ta zame ƙasa. Ba murna ta ji ba. Tsoro ne ya kama ta, don sai yanzu ta ga abin da ya kusa faruwa ƙuru-ƙuru.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya zagaya dangi. Umma ta shigo tana share ido da gefen zane, ta ce dama ita ta san 'yarta ba ta yin abu a banza. Yaya ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa.

"Auta... da wane baki zan..."

"Da wanda kika kore ni da shi mana."

Suka rungume juna, kuka da dariya suka cakuɗe, Yaya tana dukan bayanta tana cewa, "Ja'ira! Ja'irar yarinya!"

Da la'asar sai ga Dogo. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, rigarsa ko guga babu. Umma ta shigar da shi falo da rawar jiki, ta ja Yaya suka ba su wuri. Ganinsa kawai ya sa duk fushin kwana goma ya fara narkewa a zuciyar Auta. Ta riga ta yafe tun kafin ya buɗe baki.

Ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a gabanta.

"Tawa, na zo ne ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama."

"Tashi don Allah, ko a durƙushe ka fi ni tsawo."

Bai yi dariya ba. "Maganar da na faɗa a ɗakin nan, wallahi ban san lokacin da ta fito ba. Kwana goma ban yi barcin kirki ba. Ke ce rayuwata, Auta. In babu ke ban san me zan yi da kaina ba."

"Ya wuce. Kowa yana kuskure. Ka gwada, ka ga daidai, ka yarda da idonka. Laifinka kawai da ka ƙi sake..."

"Ba haka ba ne."

Ta dube shi da mamaki.

"Na yi wa kaina alkawari ba zan shiga aure da ke da ƙarya ba. Katakan da kika miƙo mini... na gani. Kallo ɗaya na yi na san ba rawar hannu ba ce. Ƙuna uku, duka gefe ɗaya, tazara ɗaya. Na san madubi ne."

Auta ta ji kamar an zare mata ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa. "Ka sani?"

"Na ji takun Farfesa a bakin ƙofa. Na ce a raina zan iya, zan riƙa karkatar da ɗigon kaɗan in rama kaucewar, hannuna ba ya kuskure. Ban so ya shigo ya tarar nas tana gyara mini aiki ba... balle wadda zan aura."

"Ka sani, ka ce hannuna ne ya yi rawa."

"Na yi nadama..."

"Ka sani, ka bar ni na fita na tsaya a gaban Yaya tana kuka tana korata! Ka bar aka dakatar da ni! Kwana tara ina tambayar kaina ko na haukace, kai kuwa kana zaune da amsa a bakinka!"

"Kunya ce ta hana ni..."

"Bar ta ni, ni mai sauƙi ce." Muryarta ta sauka, ta yi sanyi. "Da na miƙa maka makullin nan, da ka taka fedar?"

Ya sunkuyar da kai. Ta jira.

"Da na taka," ya ce.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta dubi wannan kai da ta sha shafawa a ranta, waɗannan dogayen yatsu da take alfahari da su. Har yanzu tana sonsa, ko ɗigo bai ragu ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Allah ya saka maka a kanta. Amma ba zan aure ka ba."

"Auta! Da na yi shiru da ba ki taɓa sani ba!"

"Haka ne."

"To, gaskiyar tawa ce za ta zama laifi?"

"Gaskiyarka ta sa na yafe maka. Aure kuwa... in na kwanta haihuwa, wa zai tsaya a kaina? Mutumin da ya auna cikin yayata da kunyarsa, kunyar ta fi nauyi? Kullum na kalli hannunka sai na tuna. Ba zan iya ba."

"Zan canza, wallahi na canza!"

"Ina yi maka fata. Wata za ta ci moriyarsa."

Ashe Umma da Yaya suna bayan labule. Umma ta faɗo falon. "Ke wace irin zuciya gare ki? Mutum ya durƙusa miki! An sanar da dangi, an kama gida, me zan ce wa mutane?"

"Ki ce Auta ce ta fasa, Umma. Sun san halina, ba wanda zai yi mamaki."

Yaya ta riƙo hannunta, idonta cike da tsoro. "Ni aka so a cuta, kuma na yafe. Kada ki rasa miji saboda ni, ba zan iya ɗaukar wannan ba. Kuma in kin kore shi... wa zai yi mini aikin? Duk garin nan shi kaɗai ne."

Auta ta juya ta dubi Dogo. "Shi zai yi. Ba hannunsa na ce ba shi da kyau ba. Zai kira malaminsa ya faɗa masa abin da ya faɗa mini, kalma da kalma. In malamin ya yarda ya dawo ya tsaya a kansa, ni zan riƙe na'ura. Ko ba haka ba, Likita?"

Da ya ɗago idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Haka ne, Sista."

Ya kira, ya faɗa. Abin da Farfesa ya ce masa a waya ba wanda ya ji, an dai ga Dogo ya fito daga ofis kamar wanda aka yi wa wanka da ruwan sanyi. Sa hannun da yake jira aka ɗaga shi shekara guda. Amma bayan sati biyar tsohon ya dawo, saboda mara lafiyar.

Ranar aikin Auta ta gwada na'urar a miƙe, ta gwada a lanƙwashe, ta sa hannu. Aka yi wa Yaya ƙananan huda uku a ciki, aka zura kyamara. Awa biyu da rabi Auta tana tsaye a bayan na'ura, idonta a kan allo, tana kallon jan ɗigo yana bin gefen bututun a hankali, baƙin naman yana tashi hayaƙi. Hannun Dogo bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. A ƙarshe aka tura shuɗin ruwa ta mahaifa don a ga ko hanya ta buɗe. Ɗakin ya ɗauke numfashi. Sai ga shuɗin yana ɓulɓulowa ta bakin bututun.

"Alhamdulillahi," in ji likitan sa barci.

Dogo ya ɗago ya nemi idonta ta saman takunkumi, kamar da. Ta kashe na'urar ta juya tana naɗe waya, don kada ya ga takunkuminta ya jiƙe.

A ɗakin farfaɗowa ta ja kujera ta zauna kusa da gadon Yaya, tana shafa mata goshi. Can Yaya ta motsa, ta buɗe ido da ƙyar, harshenta ya yi nauyi.

"Auta... bututun?"

"Yana nan, Yaya. Lafiya lau, a buɗe. Da idona na gani."

Hawaye suka gangaro wa Yaya ta gefen ido zuwa kunne. Ta lalubo hannun ƙanwarta ta riƙe.

"Likitan naki fa? Kun shirya?"

Auta ta girgiza kai. Ta so ta yi murmushi, bakinta ya ƙi.

"Kina sonsa har yanzu?"

"Kamar in mutu, Yaya."

Ta kifa kanta a gefen gadon ta saki kukan da ta riƙe tun ranar da ya durƙusa a falo. Yaya ta ɗaga hannun da ke da allurar ƙarin ruwa ta ɗora mata a ka.

"Yi kukanki, ƙanwata," ta ce. "Yau ni zan riƙe ki."